Shawara Ga Masu Motocin Tsere Da Za Su Gangamin Argungu Ta Ƙasar Gwandu

Duk mai motar tsere, a Abuja yake ajiye ta ko a Kano ko Legas, yana marmarin ranar da zai haɗu da 'yan ƙungiyarsu su jera a titi. A jihar Kebbi, wannan dama tana zuwa ne tare da bikin kamun kifi na Argungu, wanda gangamin motoci ya zama ɗaya daga cikin shagulgulansa. A 2020 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ce ta shirya shi, ayarin ya taso daga Abuja ya ƙare a Argungu, don nuna motocin da ake haɗawa a gida. Shugaban hukumar na lokacin, Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine. Ƙasar da za ka shiga ta san darajar mota. Amma ƙasar manoma ce, kuma titin nasu ne kafin ya zama naka.

Fara da zaɓen hanya. Mai tasowa daga Abuja yakan bi ta Kwantagora, Yawuri, Koko, Jega, Kalgo, ya shiga Birnin Kebbi, daga nan ya wuce ta Ambursa zuwa Argungu. Mai zuwa daga Sakkwato yana iya miƙewa kai tsaye, tafiyar kimanin kilomita 100, ko ya zagayo ta Tambuwal da Aliero da Jega. Kowace ka zaɓa, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a wannan makon, ta fuskar ramuka da ta tsaro, domin su ne ke binta kullum. Ku tashi bayan sallar asuba, ku sauka kafin magariba. Kada ayari ya yarda dare ya same shi a daji.

Sai shirin motar. Yawancin motocin tsere tsakanin cikinsu da ƙasa bai fi santimita 10 zuwa 12 ba, ga tudun rage gudu a mashigar garuruwa da bakin kasuwanni. Idan ka iso tudu, ka taka birki tun da nisa, ka karkata sitiyari, ka hau da taya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya hau shi kai tsaye zai ji ƙarar bamba ko salansa tana gurzar kwalta, in kuma tukunyar baƙin mai ce ta fashe, tafiya ta ƙare a nan. Tayoyin irin waɗannan motoci siraran gefe gare su, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim, kuma da yawansu ba sa zuwa da safaya. Mai facin bakin hanya gwani ne a kan tayar Golf da Hilux, amma da wuya ka sami girman tayarka a rumfarsa. Saboda haka ƙungiya ta tanadi mota guda mai tsayin ƙafa da za ta biyo baya da bakanike, da tayoyi, da jak, da igiyar ja, da akwatin magani.

Ana yin bikin ne a tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da hazo bai gama janyewa ba, zafin bazara kuma ya fara kunno kai, har yakan haura digiri 40. Ƙura tana toshe matatar iska, zafi yana gwada lagireto. Ka zo da matata ta canji, ka duba ruwa kowace safiya kafin inji ya ɗau zafi. Mai kuwa, ka cika tanki a manyan gidajen mai na Jega ko Birnin Kebbi. Injin tsere ba ya jure man jarka da ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Batun masauki, Argungu takan cika maƙil a kwanakin biki. Ka kama ɗaki da wuri a Birnin Kebbi, inda otal ya fi yawa, kuma tafiyar ba ta wuce awa guda ba. Wanda tuƙin nesa zai wahalar, ya tura motarsa a kan tirela, shi ya sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke kusa da Ambursa.

Kada ka zo ka koma ba ka ga Gwandu ba. Nan ne Shehu Abdullahi bin Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya riƙe yammacin daular Sakkwato, nan kuma hubbarensa yake, ko da yake fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi a yau. In za ka kutsa ƙauyuka irin su Maruda, Dalijan da Kambaza, ka bar motar tsere a masauki ka shiga mai tsayin ƙafa, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora. Ka fara da gaida mai gari, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa, musamman mata. A Argungu ma ka leƙa gidan tarihi na Kanta. Bikin kansa ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da masarautar Kabi ta Argungu, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ranar kamun kifi ka isa bakin kogin Matan Fada da sassafe, ka ga dubban masunta da gora da koma sun auka ruwa a lokaci guda, kowa yana neman giwan ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gudu. A wannan lokaci ake noman rani a fadama. Za ka haɗu da mai babur ya ɗaure injin ban ruwa a baya, jarkoki biyu suna lilo a gefe. Da amalanken shanu. Da manyan motoci cike da buhunan albasar Aliero. Yara kuwa, da sun ji rurin inji za su kwaso a guje zuwa bakin titi don kallo, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa wannan ja ko rawayar motar tana iya cin mita 30 a daƙiƙa guda. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babban titi ga ƙaramar mota. Ku naɗa jagora a gaba wanda ba mai wuce shi, da wani a baya wanda ba a barin kowa bayansa, ku bar tazara mai yawa a tsakani, ku sanar da hukumar kiyaye haɗurra tafiyarku, kowa ya ajiye lambarsu ta gaggawa, 122. Wasan mota da juya ta a tsakiyar jama'a, irin wanda ya sha jawo makoki a bukukuwan aure, ku haramta shi a rubuce, duk wanda ya karya a cire shi daga ayari komai tsadar motarsa. Sauri ya haifi nawa.

In kuna son yaran su more, ku tsaya a fili, ku kashe inji, ku buɗe bonet, ku bar su su leƙa su yi tambaya. A cikinsu akwai bakanike da injiniya da mai zanen mota na gobe. Ranar komawa kuma, kada ku kama hanya da gajiyar biki a jiki. Ku kwana, ku duba taya da birki, ku tashi da safe. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.