Injin Babbar Lori Da Na Ƙarama

Jama'a, yau karatunmu a kan injin mota ne. Kowa ya san lori iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda muke kira a-kori-kura, mai ɗaukar rabin tan ko tan guda. Akwai kuma babba, mai ɗaukar tan biyu ko fi. In injin ɗaya ya lalace, mai mota yakan tafi wurin bakanike, ya ce, "Malam, ko kayan wancan za su shiga wannan?" Amsar ba ta da sauƙi. Wani abu yakan shiga, wani ba ya shiga, wani kuwa ya shiga sarai amma ya yi ɓarna daga baya. Bari mu ɗauki tsofaffin injuna biyu na ƙasar Amurka mu duba.

Daga shekarar 1954 zuwa 1962 kamfanin Chevrolet ya yi ta ƙera waɗansu injuna biyu masu shan fetur. Kowanne yana da silinda shida a jere. Ana kiran ɗaya 235, ɗayan kuma 261. Waɗannan lambobi awon cikin injin ne, da ma'aunin inci. In da lita aka auna, na farko lita 3.9 ne, na biyu lita 4.3. Galibi 235 aka sa wa ƙananan lori da motocin shiga. Shi kuwa 261 an yi shi domin manyan lori da manyan motocin ɗaukar 'yan makaranta. A 1963 sababbin injuna suka gaje su. Amma har yanzu akwai masu neman tsofaffin, suna gyarawa, suna hawa. Dattawan da suka san lorin Bedford ta Ingila sun san wani ɗan dangin nan na nesa, gama Bedford ta fari, ta 1931, daga injin Chevrolet aka samo tsarin injinta.

In ka ajiye 235 da 261 gefe da gefe, da ƙyar ka bambanta su. Tsawonsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Don haka kayan da ke rataye a waje da yawa sukan yi musanya: murfin sama, da kaskon baƙin mai na ƙasa, da famfon fetur, da bututun da ke kai hayaƙi salansa. Har babban ƙarfen nan mai juyawa a cikin injin, wanda kanikawa ke kira karanshaf, awonsa ɗaya ne. A duka biyu fistan yana hawa da sauka inci 3 da 15/16.

To, ina bambancin? Yana cikin faɗin silinda. Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Faɗin silindar 235 inci 3 da 9/16 ne. Na 261 inci 3 da 3/4. Kun sani 3/4 daidai yake da 12/16. A ɗebe 9 daga 12, saura 3. Watau bambancin 3/16 na inci ne, bai kai kaurin fensir ba. Amma ɗan wannan ya isa. Fistan na 261 ba ya shiga silindar 235 ko kusa. Na 235 kuwa in an sa shi a 261 sai ya yi ta lilo a ciki. Zoben fistan ma haka. Wani zai ce, to, a rarake silindar 235 mana har ta kai ta 261. Kada ka yarda. Bangon silindar zai yi siriri ƙwarai, wata rana ya tsage, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Akwai sanda mai haɗa fistan da karanshaf. Ta 261 ta fi ƙarfi, domin lorin da ke hawan tudu da kaya niƙi-niƙi tana dukan sandar nan fiye da ƙaramar mota. Gindin sandunan biyu yana zama a kan karanshaf daidai. Amma a sama, inda ɗan ƙarfe ke ratsa fistan ya riƙe shi, sun saɓa. Kaurin ɗan ƙarfen 235 inci 0.866 ne, na 261 inci 0.927. Saboda haka fistan da sandarsa da ɗan ƙarfensa tare suke tafiya. Ba a auro ɗaya a bar biyu.

Yanzu mun zo inda mutane suka fi yin hasara, watau kan injin. Shi ne babban murfin ƙarfe da ke rufe bakin silindu shida. Kan 235 yana zama bisa 261 daram. Kowane noti yana samun raminsa. Mai mota ya ga haka sai ya yi murna, ya ce aiki ya yi. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ga dalili. Da aka faɗaɗa silindun 261, ba a ƙara wa injin tsawo ba. Sai waɗansu silindu suka matso har bangonsu ya haɗu, ruwan sanyaya injin ba ya ratsa tsakaninsu. A nan zafi yakan taru, ruwa ya zama tururi, tururin ya maƙale. Don haka maƙeran suka huda 'yan ƙananan ramuka a saman 261, da irinsu a kansa, domin tururi ya sami hanya ya haura, ya tafi lagireto. Kan 235 ba shi da ramukan nan. In ka ɗora shi haka nan, ka toshe ƙofar tururi ke nan. Motar za ta tashi, ta yi tafiya lafiya a gari. Sai ranar da aka yi mata lodi, ta kama tudu da rana tsaka, sa'an nan wurin ya yi zafi fiye da kima. Gasket ya ƙone, ko kan ya tsage, alhali kuwa direba yana nesa da gida da kayan mutane.

Maganin abin ba shi da tsada. Bakanike mai hankali yakan sayi gasket na 261, ya shimfiɗa shi bisa kan 235, ya yi alama a inda ramukan suke, kana ya huda. Lalle kuma gasket na 261 zai sa, gama bakin na 235 ya yi wa silindar kaɗan. Masu gyaran tsofaffin motoci suna son wannan haɗi. Kogon da fetur ke ƙonewa a kan 235 ya fi ƙanƙanta, saboda haka yana daɗa matse iska, injin ya ƙara ƙarfi. Wanda suka fi nema shi ne mai lamba 3836848, suna ce masa 848 a taƙaice. A ganina wannan ya fi dacewa da motar yawo. Lorin da ke ɗaukar nauyi kullum gara a bar mata kanta na asali, don matsi mai yawa da fetur mara kyau sukan sa injin ƙwanƙwasa. In kuwa aka juya, aka ɗora kan 261 bisa 235, matsin zai ragu, motar ta zama raguwa.

Saura abu guda. Wani lokaci shekara ta fi girma raba kaya. A cikin 1955 kamfanin ya sake fasalin lorinsa. Wutar mota ta tashi daga bolt 6 zuwa bolt 12. A bayan injin akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora, wanda sitata ke kamawa ta juya shi. Na zamanin bolt 6 haƙoransa 139 ne, na bolt 12 kuwa 168. In ka haɗa tsohuwar sitata da sabon faifai, haƙora ba za su ciji juna daidai ba, sai su gutsure. A shekarar nan kuma aka sauko da famfon ruwa ƙasa kaɗan. Ka ga 235 na 1954 da 235 na 1958 sunansu ɗaya, amma famfonsu dabam. Shi kuwa 235 na 1958 da 261 na 1958 famfonsu yana musanya.

Yaya za ka gane injin da ke gabanka? Ka goge gefensa da tsumma da kananzir. Za ka ga lamba da aka zuba tare da ƙarfen. Ka rubuta ta a takarda, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda. Ka kai wa mai sayar da kaya ya duba a littafinsa. In an riga an cire kan injin, ka sa ma'auni a bakin silinda ka karanta da kanka, ka kuma duba ko akwai 'yan ramukan tururi.

Tambayoyi

1. Nawa ne bambancin faɗin silindar 235 da ta 261?
2. Don me aka huda ƙananan ramuka a saman 261?
3. Faifai mai haƙora 168 ya fi mai 139 da haƙora nawa?
4. Rubuta wa mai sayar da kaya wasiƙa gajeriya, ka nemi gasket na 261.