IDAN WORD TA ƘI BUƊEWA: GARGAƊI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A ofishin hakimi, ko a Roni, ko Gwiwa, ko Kazaure, takarda ita ce shaida. Rahoton rigakafi, da sulhun iyakar gona, da wasiƙar da za a aika fadar Sarki, yawancinsu yanzu da kwamfuta ake buga su, da manhajar Microsoft Word. Wata rana malami yakan taɓa Word, ta leƙo, nan da nan ta rufe kanta. To, kada ya firgita. Takardun da aka riga aka adana suna cikin ma'ajiyar kwamfuta daban, rufewar manhaja ba ta share su.

Dalili shi ne, duk lokacin da Word za ta tashi takan ɗauko abubuwa uku: ƙananan manhajojin da aka liƙa mata, da wani fayil mai suna Normal.dotm, wanda ke riƙe da tsarin sabon shafi, da kuma bayanin firintar ofis. In ɗaya ya lalace, sai ta yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. Ga yadda za a bi, bi da bi.

1. Da fari malami ya kwafe takardun ofis duka cikin filashi. Kada a taɓa kome sai an yi wannan.

2. Ya danne maɓallin Ctrl, ya buɗe Word yana riƙe da shi. Za ta tambaya ko a buɗe ta a halin da ake kira Safe Mode, watau ita kaɗai ba lodi. Ya amsa da Yes. In ta buɗe, jikinta lafiya yake, cutar tana cikin kayan da take ɗauka.

3. Daga nan ya shiga File, sa'an nan Options, sa'an nan Add-ins, ya kashe liƙe-liƙen duka. Ya riƙa maido su ɗaya-ɗaya yana gwadawa, har mai laifin ya bayyana.

4. In ba su ba ne, ya rufe Word, ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta %appdata%\Microsoft\Templates. Can zai ga Normal.dotm. Ya sake masa suna kawai, kada ya share shi. Word za ta yi wa kanta sabo. A Word da ta girmi ta 2007, sunan fayil ɗin Normal.dot.

5. In ta ƙi buɗewa ko da an danne Ctrl, ya canja firintar da kwamfuta ta saba aika wa aiki. In abin ya faskara, ya shiga Control Panel, ya zaɓi Office, ya danna Change, sa'an nan Repair.

Abin lura ga hakimai: lalle kada a yarda wani mai gyara ya yi wa kwamfuta fomatin saboda wannan 'yar matsala, gama fomatin yana shafe takardun shekaru cikin ɗan lokaci. In an kai ta gyara Kazaure, malami ya bi ta, kuma filashin ya zauna a hannun hakimi.

Rigakafi ya fi magani. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu takan lalata fayil. Word takan ajiye kwafin ceto kowane minti 10, amma malamin kirki ba ya dogara da wannan. Yakan danna Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi, ya kuma buga muhimmiyar takarda a sa ta cikin fayil na kabad.