Ya tsira da ransa, amma barci ya ƙaurace masa

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya daga Zuru: "Malam, mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Danko/Wasagu, yanzu muna zaune a gidan ƙanin maigidana. Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka shigo mana da asuba a kan babura. Maigida ya kwana biyu a ɓoye cikin gonar dawa, ya ga abin da ya gani. Tun daga lokacin ba ya barci. Da ya ji ƙarar babur sai ya zabura, gumi ya karyo masa. Ya daina zuwa kasuwa, yara suka yi hayaniya sai faɗa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, yanzu ƙwayar barci yake saya a kemis. Wasu dangi na cewa iska ce, wasu na cewa raki ne. Me zan yi?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo muku sauƙi. Abin da kika kwatanta ba raki ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne sananne da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga masifa. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin kundinsu, bayan sun ga yadda sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam ke fama. Na ambaci sojoji da gangan. Ƙasar Zuru gidan soja ce, an san Dakarkari da jarumta, kuma wannan suna mai kyau yakan zame wa namiji ɗaurin baki, ya kasa cewa "tsoro nake ji". Ciwon da aka fara tantancewa a jikin mayaƙa ba ciwon ragwaye ba ne.

Kuma ba gidanku kaɗai ba. Daga sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, zuwa kisan 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba a Maris 2022, zuwa ɗauke 'yan mata 25 daga makarantar Maga a Nuwamba 2025, kowane hari ya bar mutanen da ba a sa su cikin lissafin mamata ko na masu rauni ba, amma dare ya zame musu azaba.

Hausawa sun riga masana gano tushen abin: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A cikin gonar dawar nan, ƙwaƙwalwar maigidanki ta ɗaure ƙarar babur da mutuwa. Yanzu duk babur ɗin da ya wuce, ko na ɗan acaɓa ne ɗauke da buhun masara, jikinsa na amsawa kamar a waccan asubar: zuciya ta buga, numfashi ya ɗauke, ƙafa ta nemi gudu. Yawancin mutane sukan samu wannan a makonnin farko, sannan ya lafa da kansa. Idan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, ya zama ciwon da ke neman magani.

Me ke hana shi lafawa? Nan ne aikin Farfesa Edna Foa ya yi amfani. Masaniyar halayyar ɗan'adam ce da aka haifa a Haifa a 1937, ta kafa cibiyar nazarin ciwon fargaba a Filadelfiya ta Amurka a 1979, ta kuma shafe shekaru tana gwada hanyoyin magani a kan matan da aka yi wa fyaɗe, daga baya har da sojoji. Abin da aikinta ya tsaya a kai shi ne gudun abin tsoron ne ke ciyar da tsoron. Duk ranar da maigidanki ya ƙi zuwa kasuwa, hankalinsa zai ɗan kwanta, sai ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka cewa ƙin zuwan ne ya cece shi. Ba ta taɓa samun damar ganin babur ɗari sun wuce ba tare da komai ya faru ba. Haka ma tunanin abin da ya gani: yana korarsa da rana, yana dawo masa cikin mafarki. Hanyar da Foa ta tsara, zama 8 zuwa 15 ne da ƙwararre, inda mutum ke ba da labarin abin da ya faru sau da yawa har zafinsa ya ragu, yana kuma komawa sannu-sannu ga abubuwan da yake gudu.

Sai dai a nan dole in ja kunne, domin Zuru ba Filadelfiya ba ce. A wurinmu macijin bai mutu ba. Idan maigidanki ya ƙi komawa gonar da har yau ake kai hari, wannan hankali ne, kada kowa ya tura shi da sunan magani. Aikin shi ne a raba tsumma da maciji. Ku zauna ku biyu ku lissafa abubuwan da ya daina yi a cikin garin Zuru, inda sauran jama'a ke yin su lafiya lau. Ku fara da mafi sauƙi, kamar zama a ƙofar gida da yamma tare da ƙaninsa, babura na wucewa. Ya zauna rabin awa ko fiye, kada ya tashi lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, ya bari ya fara sauka. Ya maimaita kullum. In wannan ya zama ba komai ba, sai bakin titi, sai gefen kasuwa ranar da ba ta ci, sai ranar kasuwa. Shi zai zaɓi matakin, ba dangi ba. Tilas tana ɓata wannan aiki.

Batun ba da labari kuwa, ki buɗe ƙofa kawai. Ki ce masa, "Maigida, duk ranar da kake so ka faɗa mini, ina nan." In ya fara, kada ki katse shi da "ka manta, ya wuce". Haƙuri ibada ce, amma haƙuri daban, binne magana daban. Kada kuma a tara masa mutane ana tono shi. Tono mai zurfi aikin wanda aka horar ne.

Wataƙila ki ce ina za a samu irin wannan ƙwararre a ƙasarmu. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wani gwaji da masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus suka yi da 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na Yuganda, aka buga sakamakonsa a 2004. A hanyar tasu akan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ajiye fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowace masifa, sannan a bi labarin daga haihuwa zuwa yau. Zama huɗu kacal aka yi. Bayan shekara guda, kashi 29 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka bi wannan hanya ke da ciwon, alhali cikin waɗanda aka yi wa lallashi da nasiha kawai kusan kashi 80 na nan da shi. Daga baya an horar da wasu 'yan gudun hijira suka yi aikin da kansu. Ina ganin malaman asibiti, malaman makaranta, limamai da fastocin masarautar Zuru za su iya koyon irin wannan, in hukuma ta ɗauki abin da muhimmanci.

Ƙwayar kemis ɗin nan ita ce ta fi tayar mini da hankali. Idan baliyam ce ko danginta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2013 kada a ba da su don firgicin da ya biyo bayan masifa. Suna sa barci na ɗan lokaci, jiki ya saba, tsoron kuma yana nan daram. Amma in ya yi watanni yana sha, kada ya bari lokaci guda, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Ki ɗauki kwalin ku je babban asibitin Zuru, ku faɗa wa likita komai, har da mafarkin da zaburar, ba rashin barci kawai ba. Shi zai tsara yadda za a rage ta, ya kuma tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato in da buƙata. Akwai magungunan da suka dace, amma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta karo da asibiti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗauri, ko duka da sunan fitar da iska.

Kada ki jira komai idan ya fara maganar gara ya mutu, ko yana jin muryoyin da babu su, ko ya ɗaga hannu a kanki ko kan yara. A ranar za a kai shi asibiti. Kafin nan ki sa ƙaninsa ya kawar da bindiga, adda da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai.

Ke ma kin ji ƙarar baburan nan a waccan asuba, yaranki ma sun ji. Ki lura ko wani cikinsu ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi rabuwa da ke, ki kuma faɗa wa likitan yadda naki barcin yake.