Hanyar ƴan duwan a bakin teku

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, bisa taswira muke ganin ta. Yau za mu leƙa arewa maso yammacin Faransa, cikin jihar Biretanye, mu bi wata ƴar hanya da ƙafa.

Bakin teku ba miƙaƙƙe ba ne. Dare da rana raƙuman ruwa suna bugun gaɓa. Inda dutse yake da taushi, ruwa ya cinye shi ya shige ciki. Inda yake da tauri, sai ya tsaya shi kaɗai: ruwa dama, ruwa hagu, ruwa gaba. Irin wannan wuri shi ake kira tsinin ƙasa.

Kap Firehel tsinin ƙasa ne a bakin tekun Mansh. Dutsensa ja-ja ne, mai tauri ƙwarai. Daga bisa zuwa ruwa akwai wajen metir 70. Iska mai gishiri tana busawa kullum, shi ya sa manyan itatuwa ba su girma a wurin. Sai gajerun tsirrai, waɗansu masu ƙaya da fure rawaya, waɗansu masu fure shunayya. Tsuntsayen teku suna yin sheƙa a jikin dutsen, inda hannu ba ya kaiwa.

A kan tsinin akwai hasumiyar fitila mai tsawon metir 33. Sojojin Jamus sun rushe ta da a 1944, aka kunna sabuwar a 1950. Da dare haskenta yana faɗa wa masu jirgin ruwa su yi nesa da duwatsu.

Daga hasumiya, hanya tana bin gefen dutsen zuwa wata tsohuwar ganuwa mai suna For Lalat, wadda aka gina cikin ƙarni na 14. Tafiyar wajen kilometir 5 ce, awa ɗaya da rabi a ƙafa.

Wa ya fitar da wannan hanya? Ƴan duwan ne. Daga 1791 suka riƙa zagaya gaɓa da ƙafa don kama ƴan fasa-ƙwabri masu sauke kaya da dare. Da suka daina bin ta, haki ya rufe ta. A 1968 waɗansu masu son tafiya suka fara share ta, suna sa alama da fenti fari da ja. A 1976 aka yi doka: mai fili a bakin teku ya bar metir 3 don masu wucewa da ƙafa. Kun san burtali, hanyar da manoma suke bar wa dabbobi tsakanin gonaki. To, wannan ma burtali ne, amma na mutane. Yanzu tsawon hanyar duka ya wuce kilometir 2000.

Kowace shekara dubban baƙi suna zuwa kallon Kap Firehel. Idan kowa ya bi inda ya ga dama, ƙafafu su tattake tsirrai. Tsirrai su mutu, ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama da iska su kwashe ta. Yau da gobe kan sa allura ta gina rijiya. Shi ya sa aka keɓe hanya, aka hana ratsewa. Wanda ya bar ta yana kashe tsirrai, yana korar tsuntsaye daga ƙwansu, kuma ƙafarsa tana iya zamewa ya faɗa.

Matafiyi mai hankali yana sa takalmi mai ƙarfi. Yana ɗaukar ruwan sha, don ruwan teku ba ya shawuwa. Yana bin alama, ba ya matsawa bakin dutse, ba ya zubar da shara.

Ma'anar kalmomi

Gaɓa: inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara.
Raƙuman ruwa: tudun ruwan da iska take korowa zuwa gaɓa.
Fasa-ƙwabri: shigo da kaya a ɓoye don gudun biyan duwan.

Tambayoyi

1. Yaya tsinin ƙasa yake samuwa?
2. Don me manyan itatuwa ba su girma a Kap Firehel?
3. Mene ne amfanin hasumiyar fitila?
4. Me dokar 1976 ta ce?
5. Me zai faru idan kowa ya bar hanya?

Lissafi

Matafiyi yana yin kilometir 20 a yini. Kwana nawa zai yi kafin ya cika kilometir 2000?

Aiki

Ku je bakin rijiyar garinku, inda dabbobi suke taruwa. Ku dubi ƙasar wurin, ku gwada ta da ta nesa kaɗan. Ku rubuta jimloli 5 bisa abin da kuka gani.

Abin riƙewa

Tsirrai su ne suke riƙe ƙasa. Wanda ya bi hanya ya tsare kansa, ya kuma bar wurin da kyau don na baya.