Fitar da Sauti Daga Kwamfuta Bayan An Gama Haɗa Shiri

A da, ma'aikacin gidan rediyo kan ɗauki murya a kan tef, in an yi kuskure ya yanke da reza ya liƙa. Yau kuwa, tun daga Gidan Rediyon Tarayya da ke Garki a Abuja har zuwa ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa, kwamfuta ce ke wannan aiki. Idan an haɗa muryar mai gabatarwa da taken shiri da hirarraki, sai a fitar da su a fayil guda. A nan ne manhajar, kamar Audacity ko Cubase, za ta nemi a zaɓi sigar fayil. Wannan zaɓi shi ne ke raya shiri ko ya lalata shi.

Sigogi Uku

Ta farko ita ce WAV, wadda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da ita a 1991. Tana riƙe sauti yadda aka ɗauke shi, ba ragi. Sai dai tana da nauyi: minti ɗaya mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10.

Ta biyu MP3, wadda masana a Jamus suka jagoranci ƙirƙiro ta, aka kuma tabbatar da ita a 1993. Aikinta kamar tankaɗe ne: tana zubar da sassan sautin da kunne bai cika ji ba. Saboda haka a ma'aunin 128 minti ɗaya bai wuce megabait 1 ba. Amma abin da ta zubar ya tafi ke nan. Ko an mayar da fayil ɗin WAV, ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake fitar da shi a MP3 sai muryar ta ƙara dusashewa.

Ta uku FLAC, wadda ta fito a 2001. Takan rage nauyi da kusan rabi ba tare da ta zubar da komai ba.

Abin da Ya Kamata A Yi

1. A fara fitar da uwar shiri a WAV, a ajiye ta a wurare biyu dabam-dabam.
2. Daga uwar nan za a riƙa cire MP3 don aikawa ta waya ko intanet.
3. Sautin faifan CD a sa shi a ma'aunin 44,100, na talabijin da fim kuwa 48,000.
4. Kada allurar ƙarfin sauti ta kai sifiri, domin in ta wuce murya za ta fashe.
5. A rubuta sunan shiri da kwanan wata a jikin fayil, sa'an nan a saurare shi daga farko har ƙarshe kafin a miƙa.

Abin Lura

Wannan gargaɗi ya fi shafar masu juyar da tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ba kuma za a sake ɗaukar muryarsa ba. Wanda ya juye irin wannan kaset a MP3 kaɗai, sa'an nan ya yar da shi, ya tauye wa na baya gādonsu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wajibi ne a adana ta yadda aka same ta.