Hukuncin Haɗa Kamun Ɗaki Biyu a Masaukin Karɓa-Karɓa

 Darasin wannan mako ya faɗa cikin babin haya, wanda malaman fiƙihu ke kira ijara, kuma ya shafi wani irin ciniki da aka ƙaga a ƙasar Turai, sa'an nan ya yaɗu har ya kai ƙofar Harami. Cinikin shi ne mallakar masauki ta hanyar karɓa-karɓa, watau mutane da yawa su yi tarayya a kan gida guda ko otal guda, kowa da kwanakinsa a cikin shekara. Turawa suna ce masa taimshiya.

Wani kamfani mai suna Hapimag, wanda aka kafa a ƙasar Suwizalan cikin 1963, yana daga cikin waɗanda suka fara shi. Daga baya ya bunƙasa a Amurka, inda aka kafa kamfanin RCI cikin 1974 domin masu rabo su riƙa musayar kwanaki tsakaninsu, kana kamfanin Disney ya buɗe nasa cikin 1991. A Makka kuwa, an sayar wa jama'a takardun haƙƙin zama na shekara 24 a benen Zamzam da ke daura da Masallacin Harami, kowace takarda da kwanakinta sanannu a shekara.

Tsari iri biyu ne. A na farko, mutum yana da mako guda sananne, a ɗaki sananne, duk shekara. A na biyu, wanda shi ne abin magana a nan, ba a ba shi mako, sai a ba shi maki, ya riƙa kashewa yana kama ɗaki a ranakun da ya zaɓa. Kowane dare da farashinsa na maki: daren lokacin cunkoso ya fi na lokacin da babu jama'a tsada, babban ɗaki ya fi ƙarami, kuma a wurare da yawa daren Juma'a da na Asabar sun fi na tsakiyar mako.

Asalin cinikin ba baƙo ba ne ga shari'a. Malamai sun san rabon amfani da abu ta hanyar lokaci tun da daɗewa, suna kiransa muhaya'a. Shehu Halilu ya kawo shi a cikin Muhtasar, a babin rabo, ya ba da misali da abokan tarayya da ke karɓa-karɓar zama a gida, ya kuma nuna cewa hukuncinsa kamar na haya ne. Daga cikin abin da ake kafa hujja da shi akwai labarin taguwar Annabi Salihu (A.S.), wadda aka raba ruwan sha tsakaninta da mutanen Samudawa, ita da ranarta su da tasu. Haka kuma a tafiyar Badar, sahabbai uku uku ne suke karɓa-karɓar hawan raƙumi guda. A wannan zamani, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na 18, a birnin Putrajaya na ƙasar Malesiya cikin watan Yuli 2007, ta fitar da ƙuduri mai lamba 170 wanda ya halatta cinikin, ko ta sayen rabo a ginin ko ta hayar amfaninsa, ya kuma halatta musayar kwanaki tsakanin masu rabo. Halaccin bai haɗa da sayen makin da bashi mai ruwa ba, abin da masu tallansa suka fi tura mutane a kai, amma wannan wani darasi ne dabam.

To, yaya ake yi mutum ya wayi gari da kamu biyu a jere maimakon guda? A ƙaddara wani magidanci yana son kwana bakwai tare da iyalinsa da mahaifiyarsa tsohuwa. Da ya duba, sai ya sami dare huɗu na farko a buɗe, uku na ƙarshe kuwa an cinye. Ya kama huɗun, ya sa sunansa cikin jerin masu jira, bayan wata guda wani ya fasa tafiya aka ba shi ukun. Ko kuma makinsa na bana bai kai ba, ko tafiyar ta faɗo a kan gaɓar shekarar makinsa, ƙarshen wata da farkon wata, ko kuwa yana da yarjejeniya biyu da ya saya a lokuta dabam dabam. Ta kowace hanya dai, ga shi da takarda biyu, lamba biyu, ranar fitar ta farko ita ce ranar shigar ta biyu. A ransa zama guda ne na mako ɗaya. A littafin kamfani kuwa baƙi biyu ne, ɗaya zai tafi da hantsi, ɗaya zai iso da la'asar.

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne shakkar da wasu ke yi, cewa haɗa kamu biyu ya shiga ƙarƙashin hanin da Annabi (S.A.W.) ya yi ga ciniki biyu a cikin ciniki ɗaya. Bai shiga ba. Yadda Imamu Malik ya fassara wannan hani a cikin Muwaɗɗa, ya shafi irin mutumin da za a sayar masa da haja a kan farashi biyu, na hannu da na bashi, cinikin ya lazimce shi ba tare da an tsayar da ɗaya ba. Illar ita ce jahiltar farashi da buɗe ƙofar riba. A nan kuwa kowane dare an san makinsa, an san ranarsa.

Malamai ma sun yi magana a kan haya biyu masu bin juna tun kafin a san otal. Malikawa da Hanafawa da Hambalawa sun yarda a ƙulla haya yau a kan lokacin da bai zo ba tukuna. Shafi'awa sun tsananta, ba su yarda a ba da hayar wani ayyanannen gida a kan lokaci mai zuwa ba. Amma duk da tsananin nasu sun yi togiya, kamar yadda Imamu Nawawi ya kawo a cikin Minhaju: in mai gida ya ba wanda ke cikin gidan hayar shekara ta biyu tun ta farko ba ta ƙare ba, ya halatta a bisa magana mafi inganci, gama lokutan biyu suna haɗe, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da su. Ke nan ko a mazhabar da ta fi ƙuntatawa, jeruwar lokaci biyu a hannun mutum guda sauƙi take jawowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wani wuri dabam. Mene ne ainihin abin da magidancin nan ya kama? Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya bambanta haya iri biyu da misalin dabbar hawa. Wanda ya ɗauki hayar wata dabba ayyananniya, in ta mutu a hanya haya ta warware a abin da ya saura. Wanda kuwa aka lamunce masa abin hawa ba tare da an ayyana dabba ba, in ta mutu wajibi ne a kawo masa wata. Kamun ɗaki da maki yana cikin iri na biyu. Ba a ce masa ɗaki mai lamba kaza ba, an ce masa ɗaki mai siffa kaza ne, mai gado kaza, mai kallon wuri kaza. Alherin wannan a fili yake, domin in famfo ya fashe a wani ɗaki dole a ba shi wani irinsa. Amma sandar tana da kai biyu. Tun da siffa ya kama, kuma sau biyu ya kama ta, kamfani ya sauke nauyin da ke kansa in ya ba shi ɗaki a hawa na biyu dare huɗu, sa'an nan ya mayar da shi hawa na tara dare uku. Babu zalunci a nan ta fuskar shari'a, ko da akwai wahala.

Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. A masaukan Disney, alal misali, ƙarfe 11 na safe ake miƙa ɗaki, ƙarfe 4 na yamma ake shiga. Awa biyar ɗin nan ba sa cikin takarda ta farko, ba sa cikin ta biyu. Sai mai karatu ya auna tsohuwa da jariri da akwatuna a zaure, ga azahar ta yi, ga la'asar na tahowa. Kuma ba ya halatta magidancin ya ce ai ya biya, ya kulle ƙofa ya ƙi fita, gama mai yiwuwa ne an riga an rubuta wa wani abokin tarayya wannan ɗaki, shi ma da nasa tsofaffin a mota. Zama a ɗaki bayan wa'adi ba da izini ba cin haƙƙin wani ne, ko da na awa ɗaya ne.

Saboda haka haɗawa sai da yardar ɓangare na biyu, kuma tana zuwa a fuska biyu da bai kamata a cuɗa su ba. Fuska ta farko ita ce a narkar da kamun biyu su koma guda, lamba ɗaya, ranar shiga ɗaya, ranar fita ɗaya. Galibi ba a yin wannan sai masaukin ɗaya ne, siffar ɗakin ɗaya ce, sunayen baƙin ba su sāɓa ba. In an yi haka, zama a ɗaki guda daga farko har ƙarshe ya zama abin da aka saba, awa biyar ɗin kuma sun shiga cikin haya. Fuska ta biyu ita ce a bar su biyu yadda suke, a yi rubutu a gefe cewa baƙo ɗaya ne, a yi ƙoƙari kada a tashe shi. Malikawa suna ganin alkawari yana zama wajibi in mutum ya shiga wata ɗawainiya saboda shi. Amma kalmar "za a yi ƙoƙari" ba ta kai alkawari ba, balle sharaɗi. Mai hankali sai ya tambaya a fili wacce daga cikin biyun aka yi masa, ya kuma nemi a aiko masa a rubuce. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta ma'amala ta sauka.

Akwai kuma haɗari a cikin narkarwar kanta. Wani lokaci hanyar da za a bi ita ce a soke kamu na biyu, a ƙara dararensa a kan na farko. A harshen fiƙihu wannan iƙala ce, watau warware ciniki da yardar juna, sa'an nan a ƙulla sabo. Tsakanin warwarewa da ƙullawa, dararen sun fita daga hannunsa sun koma na kowa, kuma in wani na cikin jerin masu jira yana iya samunsu, ba kuwa a zalunci magidancin ba. Ban da wannan, sokewa tana da nata hukunci a kan maki. A ƙa'idar Disney, wanda ya soke da sauran kwana 31 ko fiye, makinsa na komawa yadda yake. Wanda ya soke da sauran kwana 30 zuwa ɗaya, sai a tsare makin a wani asusu dabam, ba zai kama ɗaki da shi ba sai tafiyar da ta rage kwana 60 ko ƙasa, ba kuma zai ɗaga shi zuwa baɗi ba. Wanda ya soke ranar shiga ya yi asara ɗungum. Waɗannan sharuɗɗa ne da ya sa hannu a kansu ran da ya shiga tarayyar, kuma musulmi yana kan sharaɗinsa muddin bai halatta haram ba. Abin da ya fi dacewa shi ne kada ya soke kome da hannunsa, ya bar ma'aikatan kamfanin su yi, bayan sun faɗa masa abin da zai sami makinsa.

Sai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu maki, wadda ya kamata a tsaya a kanta. A tsarin Disney ana buɗe wa mutum ƙofar kamu da sauran wata 11 a masaukin da ya sayi rabo, da sauran wata 7 a sauran masaukai, kuma ranar da ƙofar ta buɗe yana iya kama har dare bakwai a jere. To, wanda ke son ranakun da ake rububi, sai ya fara kamu tun makonni kafin ranakun, a kan dararen da bai da niyyar kwana, sa'an nan ya riƙa sakin na baya yana ƙara na gaba, yana jan kamun kamar mai jan akuya, har ya iso ranakun da yake so kafin ƙofarsu ta buɗe wa sauran. Masu yi suna cewa na'urar ta yarda. Yardar na'ura ba ta wanke mutum. Duk daren da ya riƙe a kan hanya, akwai abokin tarayya da ya duba ya ga an cinye, ya haƙura ko ya sake ranar tafiya, alhali ba mai kwana a ciki. Ya yi kama da mai aiko da darduma sahun gaba ranar Juma'a tun da hantsi, shi kuwa yana gida, abin da malamai suka ƙi domin ya tare wa wanda ya riga shi zuwa wuri. Annabi (S.A.W.) ya hana cuta da cutarwa, kuma haƙƙin abokin tarayya ya fi na bare ƙarfi. Ba daidai yake da wanda ya kama dare huɗu yana jiran uku ba, domin shi wannan duk bakwai ɗin yake nufin kwana.

Saura mas'ala guda da ta shafi salla, wadda matafiya kan manta. A mazhabar Malik, matafiyi yana yin ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda ba, ko gwargwadon salla ashirin. Wanda ke da kamu biyu, dare uku da dare uku, a gari ɗaya, kada ya ce kowace takarda ba ta kai huɗu ba. Niyya ake dubawa, kuma niyyarsa zaman kwana shida ce, saboda haka zai cika salla tun daga isowarsa, ko an tashe shi daga ɗaki zuwa ɗaki, ko ma daga wannan otal zuwa wancan a cikin garin. In kuwa uku kaɗai ya samu, ya ƙudurta zai tafi in ba a ba shi sauran ba, yana ƙasaru har zuwa sa'ar da aka tabbatar masa. A sa'ar nan sai ya ƙidaya kwanakin da suka rage masa a garin: in sun kai huɗu cikakku ya cika, in ba su kai ba ya ci gaba da ƙasarunsa.