Ɗana, Kafin Ka Sayi Ƴar Na'urar Gem Ɗin Nan

Ɗana, na ji kana tara kuɗi za ka sayi ƴar na'urar gem ta hannu, irin su Anbernic ko Miyoo Mini, masu buga wasannin da. Ban hana ka ba, abin ma daɗi ya yi mini. Sega Mega Drive ta 1988 da PlayStation ta farko ta 1994 su ne suka cika gidajen gem na unguwanninmu, yara na layi da kuɗinsu a hannu.

Amma ka san abin da za ka saya. Babu Sega a cikinta. Wata manhaja ce da ake kira emuleta take kwaikwayon tsohuwar na'urar, kwaikwayo kuwa yana cin ƙarfi. Mai araha za ta ɗauki wasannin Game Boy da Sega da PlayStation ta farko lafiya lau. Ka ɗora mata na PlayStation 2, sai hoto ya riƙa sarƙewa, sauti na yankewa. Duk mai shagon da ya ce maka tana buga komai, ka sa ya kunna a gabanka.

Katin memorin da ake haɗo ta da shi yawanci ba shi da inganci. Sai ka yi nisa a Final Fantasy VII, rana ɗaya katin ya mutu da ajiyarka duka. Tun ranar farko ka sayi mai kyau, ka kwafe komai a kai.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan wasannin. Za a cika maka katin da dubbai, ka wuni kana buɗe wannan kana rufe wancan, ba ka ƙoshi da ko ɗaya ba, kamar mai zagaya kasuwa yana ɗanɗane. Zaɓi uku, ka zauna da su har ka ga ƙarshensu. Emuleta kuma tana ba ka damar ajiye wasa a duk inda ka ga dama. Ka yi amfani da ita idan an kira salla ko an aike ka. Kada ka riƙa dannawa duk taku ɗaya, domin waɗanda suka tsara wasan Contra da rayuka uku suka sake ka, daɗinsa yana cikin faɗuwa da sake tashi.

Sai batun haƙƙi. A 2024 Nintendo ta maka masu Yuzu, emuletar na'urarta ta Switch, a kotu. Suka amince da biyan dala miliyan 2.4, suka rufe. Wasan da mai shi ke sayarwa har yau, in kana so ka saya, guminsa ne.